Na Sauka a Jiya

A Faleolo sai da suka auna ni.
Na hau sikeli rungume da jakata,
da ƙullin gwaza, da tabarmar da Inna ta saƙa
shekarar da guguwa ta yaye mana rufi.
Yarinyar ta rubuta nauyina a takarda,
ta ce kujera ta huɗu, gefen hagu,
don kada jirgin ya karkata.
Ban gaya mata akwai kayan da sikelinta bai gani ba.

Kilomita ɗari da hamsin, aka ce.
Minti talatin da biyar.
Ko duwatsun murhu ba sa yin ja a haka.
Amma shekara shida na yi ina faɗa wa mutane
Falaniko ya yi nisa.

Asabar muka tashi, goma saura kwata.
Farfela biyu, fasinja goma sha huɗu,
wani fasto yana gyangyaɗi,
wani yaro ya ƙanƙame ƙwallo a cinya.
Matuƙin yana gabana, babu ƙofa tsakaninmu,
ina kallon gumin ƙeyarsa.

Ƙarƙashinmu teku ce zalla.
Na manna goshi a gilashi ina neman layin nan
inda aka ce yau tana komawa jiya.
Ba igiya, ba shinge,
sai kwale-kwale ɗaya yana jan farin kumfa.

Goma da minti ashirin muka taka Pago Pago.
Jami'in ya buga hatimi a fasfona,
na karanta tun tawada ba ta bushe ba:
an koma Juma'a.

Ni kuwa na riga na cinye Juma'ata a gida.
Na wanke fararen kayan coci na shanya,
na ja ciniki da mai kifi a kan tala biyu,
da yamma na ɗauki waya, na kai kan sunansa,
na ce bari sai gobe.
Goben ce ta kira ni da asuba
da muryar matarsa, Leutu, a shaƙe.

Ga shi an miƙo mini wata Juma'ar,
sabuwa fil, rana ko tsaka ba ta yi ba.
Na riƙe ta kamar kuɗin da aka daina karɓa.

A asibiti takardar ta ce
ya cika ranar Juma'a, biyar da rabi na asuba.
Na ce wa mai jinyar, ai yau ke nan.
Ta ce, yau ke nan.
Kwana guda cur layin ya mayar mini,
bai ƙara mini ko minti ba.

A ɗakinsa takalman roba suna bayan ƙofa,
har yanzu da ƙarnin masana'antar kifi.
Agogon bangonsa da na hannuna bakinsu ɗaya,
ashe ba su taɓa saɓawa ba.
Kalanda ce ta bambanta mu.
Na ga ya zagaye takwas ga wata da jan biro,
alhali tara aka haife ni.
Na ce Leutu, yayana ya manta.
Ta ce a'a,
takwas ɗinmu ce tara ɗinki,
ya zagaye ta ne don kada ya makara.

Na zauna a bakin gadon.
Wani zakara a waje yana cara ba a kan lokaci ba.

Talata zan koma, in sauka Laraba.
Za su karɓe kwanansu a sama, ashe aro ne.
Za a sake ɗora ni a sikeli,
ba gwaza, ba tabarma, mun rufe shi da ita,
sai takalman roba a cikin leda.
Wata yarinyar za ta duba allura,
ta rubuta abin da ta gani,
ta nuna mini gefen da zan zauna.